Ganyen shayi kala huɗu da kayan gara: wanne ya dace da wanne?

Akwai wata baiwar Allah da ke sayar da ganyen shayi ta WhatsApp, zallar ganye a awo, ba irin na jaka mai zare ba. Tana haɗa kala huɗu a kwali guda: baƙin shayin Assam na ƙasar Indiya, da Earl Grey, da koren shayin Sin ɗin nan mai dunƙule-dunƙule da Buzaye ke dafawa, sai wani haɗi nata na citta da kanumfari da masoro. Na saya a daidai lokacin da aka kawo mana rabonmu na gara, alkaki da nakiya da dubulan, na ƙara da gireba da kantun riɗi daga wajen maƙwabciyata. Sai da kwalin ya kusa ƙarewa na zauna rubuta wannan.

Abin da na fi tabbatarwa shi ne, shayin da muka saba sha a gida, mai madara da sukari cokali uku, shi ke kashe daɗin alkaki. Alkaki ya riga ya kwana cikin ruwan sukari ko zuma, ga mai ya sha a kasko. In kika bi shi da shayi mai zaƙi, loma biyu ya gundure ki, ki ture faranti ki ce mai yin ta cika sukari. Alhali ba laifinta ba ne. Ganyen shayi na ɗauke da wani sinadari, tanin, mai sa baurin nan da ke kama harshe, kuma wannan baurin ne ke share maiƙo da zaƙi daga baki kafin loma ta gaba. Madara na rage shi, sukari na rufe shi. Don haka duk abin da zan faɗa a nan, shayin babu sukari ne, ko kuma ɗan kaɗan a bakin cokali.

Na Assam ne gwarzon kwalin. Launinsa ja ne mai duhu, yana da nauyi a baki, ga wani ƙamshi mai kama da na gasasshen hatsi. Da tafasasshen ruwa ake haɗa shi, a rufe minti 4, kada ya wuce 5, in ya wuce sai ɗaci ya danne komai. Da alkaki, wallahi ban taɓa jin irinsa ba. 'Yar tsamin nan ta alkaki, wadda ke zuwa daga tsamiya ko nono da kwanan da kwaɓin ya yi, sai da wannan shayin na ji ta sosai. Da can zaƙi ke binne ta. Ɗanɗanon alkamar ma ya fito. Dubulan kuma, da yake ya fi laushi ya fi tsotse ruwan sukari, nan ne na yarda a ɗiga madara kaɗan, don Assam na da ƙarfin da madara ba ta shafe shi. Wanda bai sami Assam ba kada ya damu. A kantunanmu akwai baƙin shayi daga Kenya, inda ake gwanjonsa a Mombasa, ga kuma namu na gida da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Kowanne zai yi wannan aikin in an bar shi ya jiƙu ba tare da an ɗura masa sukari ba.

Earl Grey kuwa sai a hankali. Baƙin shayi ne da aka turara da man ɓawon wani lemo mai suna bargamot, wanda akasarinsa daga Kalabriya yake a kudancin Italiya, sunan kuma na Charles Grey ne, firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Ƙamshinsa kamar turare yake, kuma nan matsalar take. Na haɗa shi da nakiya, abin bai yi ba ko kaɗan. Nakiya ta zo da nata kayan ƙamshin, citta da kanumfari da kimba, ga man shanu, sai suka yi ta rigima da lemon a baki ɗaya, ba wanda ya ji wani. Amma da gireba ya zauna daram. Gireba ba ta da hayaniya, fulawa ce da mai da ɗan sukari da riɗi a kai, tana narkewa a baki, sai ƙamshin lemon ya sami fili. Maigidana dai ya ce shi sabulu yake ji, ya koma kan Assam ɗinsa.

Koren shayin ya ba ni mamaki. Bishiyarsu ɗaya da baƙin, bambancin kawai shi ne ana ɗumama ganyen da wuri bayan tsinka don kada ya yi duhu, sannan a murza shi ƙanana-ƙanana. Irin wannan daga lardin Zhejiang aka fi kawo shi. Mu mun san shi a butar Buzaye kan gawayi, a tafasa shi ya yi ɗaci a cika masa sukari, a sha zagaye uku. Wannan shayin shi kansa alawa ne, ba ya buƙatar komai sai gyaɗa ko dabino. Ni sai na sauke ruwan na bar shi ya ɗan huce, wajen digiri 80, na jiƙa ganyen minti 2 na tace. A haka ya fito da ɗan ƙamshin hayaƙi, shi ya ɗauke nauyin man shanun nakiya ba tare da ya taɓa yajinta ba. Da kantun riɗi ma ya yi kyau ƙwarai. Da alkaki kam bai kai ba, alkakin ya fi ƙarfinsa.

Haɗin citta da kanumfarin shi ne na fi rainawa. Masoron ya yi yawa, ƙurar garin kuma tana bin mataci ta zauna a ƙasan kofi. Yana da daɗi da sanyin safiya shi kaɗai, ko da cincin marar sukari sosai, amma duk wani abu mai zaƙi da na ci da shi yaji kawai na ji. Wannan kowace mace za ta iya haɗa nata a turmi.

Sai batun ma'aji. Ledojin da ta zuba ganyen ba sa rufuwa da kyau, har ƙamshin Earl Grey ya fara shiga koren shayin, dole na juye kowanne a kwalbarsa na ajiye nesa da kayan miya. Babu kuma takardar da ta nuna yawan ganye ko zafin ruwa, wanda bai saba ba zai tafasa koren ya ce ba daɗi. Ƙaramin cokali ɗaya a kofi ya wadatar, kuma ganyen koren na jure jiƙo na biyu, don haka kuɗin bai kai yadda yake a ido ba in aka kwatanta da na jaka. Kwalin gaba ɗaya ba zan sake saye ba. Na riga na ce ta auno mini Assam da koren daban, kafin bikin da ke tafe bayan Sallah.