Leza a kan fistol ko horo cikin matsi: wanne za ka fara nema?

Ƙanena, tambayar da ka aiko zaurenmu daren jiya ita ce: kana ganin bidiyoyin Amurkawa a YouTube suna nuna jan ɗigon nan na leza a jikin allon harbi, suna cewa idan rai ya tashi ba sai ka duba ƙarfen saiti ba, ka ɗora ɗigo kawai ka ja kunama. Shin ka tara kuɗi ka nemi leza, ko ka nemi ƙarin horo? Tunda ka ce kai ɗan sanda ne da ke aiki a nan Kaduna, a matsayin haka zan ba ka amsa.

Sauran 'yan zaure da ba jami'ai ba, ku ji wannan tukuna. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta sa fistol da rabalba a jerin bindigogin da aka haramta. Lasisinsu sai daga shugaban ƙasa. Na bindigar farauta yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Mutumin da kuke gani a bidiyo yana zaune ne a Tekzas, inda dokarsu ta ba shi dama. Kai da ke Tudun Wada ko Barnawa, fistol ba lasisi gidan yari ne. Kai ma ƙanena, bindigar da ka sa hannu ka karɓa a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ce, ba ka da ikon ɗaura mata komai sai da izinin manyanka.

To, leza. Ƙaramar na'ura ce da ake maƙalawa a ƙarƙashin bakin bindiga ko a jikin mariƙinta, tana jefa ɗigon haske inda ake sa ran harsashi zai sauka. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin da daga baya ya zama SureFire ya fito da irinta tun 1979, Crimson Trace kuma, wanda aka kafa a 1994, shi ya yayata wadda ke kunna kanta da zarar ka damƙe mariƙi. Akwai ja, akwai koriya. Koriyar ta fi fitowa da rana domin idon ɗan Adam ya fi kama wannan launi, amma ta fi tsada kuma ta fi shan batir.

Masu yabonta ba ƙarya suke yi ba a abu guda. Idan tsoro ya kama mutum, idonsa yana kafewa ne a kan abin da ke ba shi tsoro. Malamin harbi yana ce maka ka dubi ƙarfen saiti na gaba, jikinka yana ce maka ka dubi hannun wancan da ke riƙe da adda, kuma galibi jiki ne ke rinjaye. Leza tana ajiye saitin a can inda idon ya riga ya tafi. Tana kuma taimaka wa wanda ya faɗi ƙasa ko ya maƙale a kujerar mota har ba zai iya ɗaga bindiga zuwa ido ba, da dattijon da idonsa ya daina ganin abu na kusa sarai. A cikin ɗaki ko da magariba, a ɗan gajeren nisa, tana aiki.

Yanzu fito da ita tsakar rana a watan Maris, a kan titin Ahmadu Bello. Jan ɗigon nan rana ta cinye shi, balle idan ya sauka a kan baƙar riga. Sai ka ga mutum ya tsaya yana lalube, yana jujjuya bindiga yana neman ɗigonsa, alhali lokacin da yake ɓatawa shi ne dukan abin da yake da shi. Lokacin hunturu kuma, da dare, ƙura da hazo suna bayyana zaren hasken a iska, ya zama ka ja layi daga inda kake ɓoye. Batir yana mutuwa ba sallama. Na'urar tana iya gocewa daga saitinta saboda jijjigar harbi ko buguwa da ƙofar mota, kuma da yake tana zaune ƙasa ko gefen bututun bindiga, ɗigo da harsashi suna haɗuwa daidai ne kawai a nisan da aka daidaita su. Idan ku uku ne kuka shiga wuri kowa da tasa, wane ɗigo ne naka?

Amma abin da ya fi damuna da ita daban ne. Ka ba sabon ɗalibi bindiga mai leza, ka tsaya a bayansa ka kalli allon. Ɗigon ba ya tsayawa. Yana rawa, yana zagaye kamar ƙuda a kan faranti, domin babu hannun da ba ya motsi. Ɗalibin sai ya riƙe numfashi yana jiran ɗigon ya ratsa tsakiya, da ya ga ya zo sai ya fizgi kunama da ƙarfi kada ya wuce. Harsashin na-dama yakan sauka ƙasa ta hagu, na bahago ƙasa ta dama. Ɗigon yana tsakiya lokacin da ya yanke shawara, amma yatsansa ya ja bakin bindigar kafin harsashi ya fita. Leza ta nuna masa inda bindiga ta dosa, ba ta koya wa yatsa jan kunama a hankali ba. Yawancin kuskure da fistol daga yatsa da riƙo yake zuwa, ba daga rashin ganin saiti ba.

Kuma leza ba tocila ba ce. An ɗauke wuta, kana cikin lungu a Rigasa, wani ya ɓullo a guje. Ɗigo ya sauka a ƙirjinsa lafiya lau. Wane ne? Ɓarawon da kuke bi, ko mai gadin unguwa, ko yaron da aka aika sayen maganin sauro? Ɗigon ba zai gaya maka ba. Da za a ce in zaɓa wa jami'i tsakanin leza da tocila mai kyau, tocila zan miƙa masa ban yi dogon tunani ba.

Ɓangaren horo kuwa, alƙaluma ne suka fi ni iya magana. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan Niyok daga 1998 zuwa 2006, ta fitar da rahoto a 2008. A musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne na harsasan da suka harba suka sami wanda aka nufa. Inda ba a mayar musu da wuta ba, kashi 30. Waɗannan mutane ne da suka ci jarrabawar filin harbi. Abin da ya canja shi ne zuciya tana dukan uku-uku, hannu yana karkarwa, gani ya ƙuntata, wasu ma ba sa jin ƙarar bindigarsu. A ƙasar Holan, masu bincike Nieuwenhuys da Oudejans sun gwada 'yan sanda da abokin karawa mai mayar musu da harbi da harsashin fenti mai zafi a jiki. Iya harbinsu ya faɗi. Amma waɗanda aka riƙa horarwa a cikin wannan matsin sun daina faɗuwa haka, kuma bayan watanni abin bai gushe ba. Tun 1983 ma wani sajan ɗin 'yan sanda na birnin Salt Lake a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da ɗoriya, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin da jami'i ke buƙata ya zare bindiga daga kube ya harba. Wanda bai saba matsawa gefe ko neman abin fakewa ba, ɗigo ba zai cece shi a wannan tazara ba.

Na san ƙorafinka tun kafin ka faɗa: harsashin atisaye ba ya isa, kuma wasu tun da suka bar kwalejin 'yan sanda ba su sake ganin filin harbi sosai ba. Gaskiya ne. Sai dai babban rabo na horon ba ya cin harsashi. Zare bindiga daga kube, riƙo, jan kunama ba tare da bakin bindiga ya motsa ba, duk ana yin su da bindigar da aka zazzage aka duba sau biyu, harsasai suna wani ɗaki, malami yana tsaye. Sannan a ƙara matsi: a yi gudu kafin a harba, a sa agogo, a rage haske, a fito da alluna wani da makami wani da waya a hannu, a ga wanda zai iya riƙe yatsansa. Wannan na ƙarshen shi ne zai tsaya maka gaban kotu. Sashe na 33 na tsarin mulki ya yarda da kare rai ne da ƙarfin da ya zama dole kawai, kuma Umarni na 237 na rundunarku kan amfani da ƙarfi da bindiga, wanda aka sabunta a 2019, shi ne ma'aunin da za a auna ka da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wurin da nake ganin leza ta fi amfani, abin mamaki, shi ne a hannun malami. Akwai harsashin ƙarya da ke fitar da ɗigon haske idan an ja kunama, akwai kuma fistol ɗin koyo irin SIRT da ba ya harba komai sai haske. Malami yana kallon ɗigon: idan ya fito ɗigo, yatsa ya yi daidai, idan ya ja wutsiya, ya san ɗalibi ya fizga, kuma ɗalibin ma ya gani da idonsa ba gardama.

Don haka ƙanena, fara da horo, ka je ka sami mai kula da horarwa na sashenku ka nemi a sa ka cikin jerin masu zuwa filin harbi na gaba. Idan wata rana rundunar ta ba ka bindiga mai leza, karɓa, ka gwada saitinta a nisan da aka daidaita ta, ka riƙa canja batir kafin ya mutu, kuma rabin atisayenka ka yi shi tana kashe.