Cibiyar lafiya mai ginin jar ƙasa a wajen Malali

A watan Maris da ya wuce, lokacin da zafin Kaduna kan haura digiri 35 da rana tsaka, na riƙa kai mahaifiyata gashin gwiwa sau biyu a mako a wata cibiyar lafiya da ke wajen Malali, inda ake haɗa aikin likita da ƙaho da tausa da shawarar abinci. Aikinsu ya gamsar da mu, amma ginin wurin ne ya fi tsaya mini a rai.

Da jar ƙasa aka yi bulon, an ɗan surka ta da siminti sannan aka matse da inji, kuma katangar tana da kaurin da idan mutum ya dafa ta da azahar sai ya ji sanyi kamar ya taɓa gindin randa. Katanga mai kauri a hankali take shan zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi, lokacin da aka buɗe tagogi iska ta kwashe shi. Manyan tagogin duk kudu da arewa suke kallo, kuma akwai ƙananan kafofi can kusa da rufi inda iska mai zafi ke ficewa. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Zazzau, domin tun a ƙarni na 19 Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. Ranar farko da aka kwantar da Hajiya a ɗakin gashi, fanka ɗaya kawai ke juyawa, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ka ji sanyi irin na soron mahaifinmu." Matar da takan ƙosa a tafi gida, ranar har barci ya ɗauke ta.

Wutarsu ta sola ce, saboda haka ko an ɗauke wuta babu ƙarar janareta ko hayaƙinsa a kan marar lafiya. Ruwan sama kuwa daga indararo yake gangarawa cikin tanki a ƙarƙashin ƙasa, da shi ake ban ruwan zogale da na'a-na'a a tsakar gida.

Akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Kafofin iskar nan ba su da raga mai ƙananan idanu, don haka ranar da ƙurar ƙarshen hunturu ta taso na ga ta kwanta a kan benci, alhali wata baiwar Allah mai ciwon asma tana zaune tana tari. Haka kuma dokin ƙofar banɗaki ya yi tudu, keken marasa lafiya ba ya hawa sai mutum biyu sun ɗaga. Na gaya wa mai kula da wurin, ya rubuta a gabana, kuma zan duba ko an gyara idan muka koma bayan Sallah.