Wane fawa saflai ya dace da mai son ƙara wa kwamfuta gudu a Kaduna?

Duk wanda ya ƙuduri ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta, abin da masu harkar ke kira obaklokin, to ya fara duba akwatin da ke raba mata wuta, wato fawa saflai. Na sha ganin matasa a shagunan titin Ahmadu Bello sun zuba kuɗi a katin girafik mai sarrafa hoton allo, da an zo kan fawa saflai sai su ce a ba su mafi araha. Abin yana damuna, don idan marar kyau ya ƙone, sau da yawa ba ya tafiya shi kaɗai.

Kar lambar wat da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ta ruɗe ka. Karanta takardar da ke manne a jikinsa. Manyan layukansa uku ne: bolt 12, 5 da 3.3, amma firosesa da katin girafik a layin 12 suke sha. Lissafin ba wuya, bolt sau amfiya shi ne wat. Ka ga amfiya 54 a layin 12, wat 648 ke nan, wannan 650 ne na gaskiya. Wani an rubuta masa 600 amma amfiya 25 kacal gare shi a wurin, wat 300. Mayar wa mai shago abinsa.

Sai kuma ka bar rara. Idan ka ɗaga bolt ɗin firosesa daga 1.2 zuwa 1.35, cin wutarta zai ƙaru da kusan kashi 27 cikin ɗari, tun kafin ka taɓa gudun. Shi ya sa kwamfutar da ke jan 450 nake sa mata 650 ko 750.

Tambarin 80 Plus ba ƙarfi yake aunawa ba, wutar da ba ta zama asara yake aunawa. Mataki-mataki ne: a rabin lodi, matakin Bronze yana kai kashi 85, Gold 90. Ga kwamfutar da ke buƙatar wat 500, Bronze zai ja kusan 588 daga soket, Gold 556. Ragowar nan zafi ne zalla. Wanda ya san zafin Maris da Afrilu a garin nan, ko yake lallaɓa batirin inbata cikin dare, ya san bambancin wat 32 ba abin rainawa ba ne. Matakin Platinum da ke sama da Gold kuwa, a ganina, tsadarsa ta fi amfaninsa ga yawancinmu.

Wutarmu tana hawa tana sauka, don haka nemi wanda aka rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240, mai kariyar OVP, OCP da SCP, wato mai kashe kansa idan bolt ko amfiya suka wuce ƙima ko wayoyi suka haɗu. Irin waɗannan sun fi shiri da inbata ko UPS mai fitar da tsaftatacciyar wuta kamar ta layi, inbata ko UPS masu araha kan sa su kashe kansu daidai lokacin da aka ɗauke wuta.

Na hannu fa? Na sanannen kamfani irin Seasonic ko Corsair na hannu ya fi sabo marar suna, amma kafasitocinsa, ƙananan kayan da ke riƙe caji a cikinsa, sun riga sun tsufa, ga ƙurar hunturu da ke jiran fankarsa. Idan aljihu ya yarda, Gold 750 sabo mai garanti shi ne zaɓina. Idan bai yarda ba, ɗauki Bronze 650 na sanannen kamfani, ka rage burin gudun, kuma a kunna maka shi a shagon kafin ka miƙa kuɗi.