Jakar gas ta kashin alade, bayan shekara guda a gidana

Aladu 12 nake kiwo a gefen Kafanchan, kuma warin kashinsu ya kusa raba ni da maƙwabta. Shi ya sa bara na kira masu haɗa iskar gas daga kashin dabbobi. Suka haƙa dogon rami, suka shimfiɗa jakar roba mai baki biyu.

Kowace safiya ina dama bokitin kashi da bokitin ruwa in zuba ta baki ɗaya, kashin ya ruɓe a cikin jakar ya ba da gas ɗin da ke zuwa murhu. Sai da muka yi kusan mako 4 kafin wuta ta kama sosai, shuɗiya, ba hayaƙi, ba baƙin tukunya. Yanzu da ita uwar yara take tuƙa tuwon dare, sayen itace ya ragu ƙwarai.

Ruwan takin da ke fita ta ɗaya bakin ya fi komai burge ni. Na zuba wa citta da masara, ganye ya yi kore shar, warin takin kuma kaɗan ne.

Amma na ji haushi da ba su gaya mini sanyin hunturu yana rage gas ba. Ba su kuma sa matatar da ke kama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cikin gas ɗin, mai cin ƙarfe, ba, har murhun ya fara tsatsa. Shingen da ya hana awaki taka jakar ma, ni na yi da kaina.