Sharhi: Hayar Jagora da Kayan Sanyi don Hawan Tubkal a Watan Janairu

Idan za ka hau dutsen Tubkal na ƙasar Maroko a tsakiyar sanyi, kuɗin da za ka ba jagora ya ci halaliyarsa, amma kayan hayar da za a haɗa maka da su sai ka buɗe ido. Hukuncina ke nan a kan kamfanin da muka yi hulɗa da shi a ƙauyen Imlil, ni da wasu abokan karatu daga Marakesh. Ba zan kama sunansa ba. Irinsa suna da yawa a ƙauyen, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne: mota daga birni, jagora, alfadari, kwana a masaukin kan dutse da abinci, sai kayan haya ga wanda ba shi da nasa.

Tubkal shi ne dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167, a cikin tsaunukan Atlas na ƙasar Maroko. Mota tana tsayawa a Imlil, kan mita 1,740, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Marakesh ta garin Asni. Batun ko za ka ɗauki jagora bai ma taso ba. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu mata biyu masu yawon buɗe ido, ɗaya 'yar Denmark ɗaya 'yar Norway, a kusa da Imlil a Disambar 2018, hukuma ta wajabta shi, kuma jandarmomi suna duba fasfo a hanya. Saboda haka ka riƙe naka a aljihun da hannu zai kai da sauri.

Saƙon da kamfanin ya turo mana ta WhatsApp cewa ya yi duk mai ƙoshin lafiya zai iya. Da bazara wataƙila haka ne. A Janairu kuwa maganar tana da saura. Zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau. Marakesh ba ta kai mita 500 ba, to ranar da ake digiri 18 a can da azahar, mutane suna shan lemo a dandalin Jama'ul Fana, ƙololuwar Tubkal tana wajen digiri 6 ƙasa da sifili, ita ma da azahar ɗin. Da asuba, lokacin da ake fita, abin ya fi haka muni. Wanda iyakar saninsa da sanyi shi ne hunturun Kano ko Damagaram, ya ajiye wannan ma'aunin a gida.

Hawan farko babu laifi. Alfadarai sun ɗauki jakunkuna, muka wuce Arumd, muka huta a Sidi Shamharush, inda aka shafe wani ƙaton dutse da farin fenti, mutanen wurin suna cewa fadar sarkin aljanu ce. Gaba kaɗan dusar ƙanƙara ta rufe hanya, alfadarai suka juya, 'yan dako suka karɓi kaya a baya. Inda ake wannan musayar ba tsayayye ba ne, ya danganta da shekara, kuma farin da Maroko ta sha a shekarun baya-bayan nan ya sa wani lokaci dusar takan ja can sama.

Masaukai biyu ne a wajen mita 3,200, kusa da juna. A wanda muka kwana, murhu a zauren cin abinci kaɗai yake, ɗakin kwana sai bargo da jakar barcinka. Abincin dai ya yi: miyar harira mai zafi, tajin (dahuwar nama da kayan lambu), burodi, shayin na'ana'a. A wannan tsawon ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 90 ba, ga sanyin ɗaki, shayin da ka yi wa jinkiri ya zama na banza. Abin da ya fi shiga raina shi ne mai dafa abinci, wanda ya ga mun nufi famfo da magariba, ya kira mu ya miƙo buta da ruwan ɗumi ba tare da mun roƙa ba. Allah ya saka masa. Ruwan famfon nan, kafin ka gama wanke hannu yatsu sun daina jin komai.

A nan ne jagoran ya nuna abin da muka biya. Dattijo ne ɗan asalin kwarin Imlil, da Tashelhit, harshen mutanen yankin, yake magana da 'yan dako, mu kuma da Larabci. Bayan isha'i ya buɗe hasashen yanayi a wayarsa, kuma abu uku ya duba: gudun iska a ƙololuwa, yawan sabuwar dusar da ta zuba, da tsawon da ruwa ke fara daskarewa. Da asuba duk mun ɗaura fitila a goshi muna jiran tafiya, ya ce a zauna. Da gari ya fara wayewa ya fita da ni waje, ya nuna mini bakin tsaunin can sama. Sama tas, babu gajimare ko ɗaya, amma wani farin abu yana tashi daga bakin dutsen yana yin gabas.

"Ɗana, ka ga wancan? Ba hazo ba ne, dusa ce iska take kwasa. Yau ba mu hawa."

Wasu daga cikinmu sun yi gunaguni, amma lissafin yana bayansa. Digiri 10 ƙasa da sifili, idan iska tana gudun kilomita 50 a awa, jiki yana jin sa kamar 22 ƙasa da sifili. Kuma ɓarnar iska ba ta tsaya a sanyi ba. Tana share dusa daga gefe guda ta bar ƙanƙara tsagwaronta, santsi kawai, ta je ta jibge ta a ɗaya gefen, ta danne ta ta zama ɓawo mai tauri a kan mai laushi. Irin wannan ɓawon ne yake tsagewa ya zaftaro da mutum. Da iskar ta lafa muka hau, kuma duk inda gangare ya yi tsanani sai ya soka ƙotar gatarin ƙanƙararsa, ya saurari yadda ta shiga, sannan ya zaɓi inda za a taka. Bai taɓa yi mana gaggawa ba, ga shi a can sama iskar da kake shaƙa kusan kashi 60 cikin 100 ce ta wadda kake samu a bakin teku. Taku kaɗan sai haki.

Yanzu ga inda kamfanin ya gaza. Takalmin da aka ba ni da danshi a ciki, alamar wani ya dawo da shi jiya ba a shanya ba. Safar hannun siririya ce, ta yawon gari. Ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi don ya kama ƙanƙara, igiyar na ƙafar hagu ta riga ta cinye. Ana dab da mashigar da ake kira Tizi n'Tubkal, wajen mita 3,900 da wani abu, ta saki. Dattijon nan ya sa na zauna na kafa gatari, ya tuɓe safarsa ya cije ta da haƙora, ya durƙusa ya zaro wata igiya daga aljihu ya ɗaure ƙarfen tamau. Kafin ya gama, kan yatsunsa sun yi fari. Ya cusa hannuwan a hammata na ɗan lokaci, bai ce uffan ba. Sakacin mai shago a ƙasa, shi ya biya shi da yatsunsa a sama. Da muka sauko na faɗa wa mai kamfanin, ya ba da haƙuri, ya mayar da ƙarafan kan ƙusar da ya ɗauko su.

Tabarau mai duhu ma ba ya cikin kayan, kuma babu wanda ya ambata mana shi sai jagora, alhali sabuwar dusa tana maido da mafi yawan hasken rana cikin ido har ta ƙona shi. Mun saya a Imlil. Waya kuma ka sa ta a aljihun ciki, jikin fata, in ba haka ba batir zai mutu kafin ka kai ga dalar ƙarfen da ke ƙololuwa.

Zan iya tura wani wurinsu, da sharaɗi. Ka zo da safar hannunka mai kauri da safar ƙafa ta ulu. Ka gwada ƙarafan a kan takalmin tun a shago, ka ja kowace igiya da ƙarfinka, wadda ta yi maka shakka a canza. Sannan kafin ka biya, ka tambaya ƙarara wa zai ɗauki kuɗin ƙarin kwana idan iska ta hana hawa. A namu farashin ba a saka shi ba, daga aljihunmu muka biya masauki, muka ƙara wa jagora da 'yan dako nasu.