Na'urar Sauraron Littafi Mai Tsarki Mai Caji da Hasken Rana

Na sayi wannan na'ura a wani kantin littattafan Kirista da ke Jos saboda mahaifiyata, wadda idanunta suka yi rauni har ta daina karatu, kuma tun bayan rasuwar mahaifinmu ta riƙa tambayata a asirce ko Allah yana jin addu'arta kuwa. Girman na'urar bai wuce tafin hannu ba, tana ɗauke da littattafai 66 cikin Hausa, ana kuma shanya ta a rana kamar hatsi domin ta yi caji, abin da ya raba mu da jiran wutar lantarki.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karanta sura ɗungurungum, domin masu zuwa ta'aziyya sun saba tsinko aya ɗaya mai daɗi su miƙa wa mai baƙin ciki, alhali wanda shakka ta kama ba ya ƙoshi da haka. Da Mama ta saurari Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da an ba mai kukan amsa ba, sai ta ce ashe irin maganarta ma tana cikin Littafin. Daga nan ta bi ta kan Matiyu sura 11, inda Yohanna Mai Baftisma ya aika daga kurkuku yana tambaya ko Yesu ne Almasihun da ake jiran zuwansa, da Markus sura 9, inda uban yaro ya furta bangaskiyarsa ya kuma roƙi taimako a kan rashinta cikin numfashi ɗaya. Labarin Toma kuwa, almajirin da ya yi shakkar tashin Yesu daga matattu, ta maimaita shi har jikokinta suka haddace, musamman wurin da aka bar shi kwana takwas da shakkarsa a tsakiyar almajirai, ba wanda ya kore shi.

Na'urar ba ta rasa aibi ba. Neman takamaimiyar aya yana da wuya ga tsohuwa, domin maɓallan suna tsallake sura ne kawai, cajin yana ja baya da damina, muryar kuma ba ta isa taron zumuntar mata ba. Duk da haka ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, kuma na riga na yi wa gwaggona da ke Kagoro odar guda.