Kwana biyu a Kaduna ta jirgin ƙasa

An daɗe uwargida tana cewa mu je Kaduna mu sha iska ko da na kwana biyu ne, ni kuma da na tuna tuƙin hanyar Abuja zuwa Kaduna da tirelolinta sai jikina ya mutu. Wannan karon muka ce bari mu gwada jirgin ƙasa, ni da ita da 'yarmu 'yar shekara shida, wadda ba ta taɓa ganin jirgi ido da ido ba.

Ta waya na sayi tikiti, kuma sai da na saka lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. An tsaurara wannan ne tun da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, bayan harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris na shekarar, kusa da Katari. Ban ga laifin tsaurin ba ko kaɗan. A tashar Kubwa da ke Abuja muka hau ranar Juma'a, domin ta fi mana kusa a kan tashar Idu. Aka duba jakunkunanmu, aka duba tikiti, kowa ya nemi lambar kujerarsa. Da jirgin ya yi ƙara zai tashi, yarinyar ta ƙanƙame hannuna ta ce, "Abba, gidan gaba ɗaya ne yake tafiya!"

Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwa. Ba rami, ba burki na ba-zata, ba direban da zai sha gabanka a kwana. Kujerar tana da faɗi daidai gwargwado, na miƙe ƙafa, har na ajiye waya na koma kallon taga, abin da na manta rabon da in yi. Damina ce, ko'ina kore shar. Ga duwatsu, ga gonakin masara da dawa, ga wani yaro Bafulatani tsaye da sandarsa a kafaɗa, shanunsa ko ɗaga kai ba su yi ba. Sai dai taragon akwai sanyi sosai. Uwargida ta lulluɓe yarinyar da mayafinta, ni kuwa na yi da-na-sanin barin rigar sanyi a gida. Mai tafiya da yara ko tsofaffi ya riƙo abin rufa.

Bayan mun wuce Jere, mun doshi wajen da aka kai harin, hira ta ɗan lafa a taragon. Wani dattijo da ke gefena ya ciro carbi yana ja, can ya dube ni ya ce, "Ɗana, duk wanda ya bi ta nan ya yi wa waɗanda suka rasu addu'a." Na ce, "Haka ne Baba, Allah Ya jiƙansu." Ganin jami'an tsaro a cikin jirgin ya kwantar mini da hankali, amma zuciyata ta yi nauyi a wannan yankin.

Layin kilomita 186 ne, tun Yulin 2016 aka buɗe shi, kuma mun yi awa biyu da 'yan kai muka isa tashar Rigasa da ke Kaduna. A nan ne ɗan abin takaicin yake. Tashar tana da rata da cikin gari, masu tasi kuma da sun ga ka fito da jaka da iyali sai su tsawwala kuɗi. Sai da muka yi ciniki sosai. Da ina da wanda zai zo ɗaukarmu, da na kira shi tun muna hanya.

Da yake ba gajiyar tuƙi a jikina, Asabar ɗin ta yi albarka. Da safe muka je Arewa House, gidan da Sardauna ya zauna, na daɗe ina kallon tsofaffin hotuna. Da la'asar muka gangara wurin shaƙatawa na Gamji a bakin kogin Kaduna, yarinyar ta yi ta kai da komo a kan tsohuwar gadar ƙarfen nan da aka ɗauko daga Zungeru. Uwargida kuma ba ta yarda mun bar gari ba sai da ta leƙa Kasuwar Barci. Na yi Magariba a Masallacin Sultan Bello, muka rufe daren da tsire mai zafi da ƙuli-ƙulinsa.

Shawarata ɗaya ce: kada ka yi sakaci da tikitin dawowa. Ranar Lahadi kowa Abuja ya nufa saboda aikin Litinin, kujeru kuma nan da nan suke ƙarewa. A gabana wani bawan Allah ya juya da jakarsa ya nufi tashar mota. Mu mun saya da wuri, muka sauka Kubwa da sauran rana, na wayi gari Litinin na tafi ofis ba ciwon baya. Mun riga mun tsayar da magana, bayan Sallah za mu koma, wannan karon har da Hajiyata.